An Rataye Baba Gagara

Baba Gagara yana tsaye a kan sikeli, daga shi sai gajeren wando, Hauni kuwa ya durƙusa yana leƙen allura da ido ɗaya. Kilo sittin da huɗu. Hauni ya ce an ragu da rabin kilo tun watan jiya. Baba Gagara ya ce sikelin ne ya tsufa, shi bai ragu da komai ba, in kuma ana musu a kawo masa gandiroba ɗaya mai jini a jika su gwada ƙwanji.

Ƙa'idar gidan yarin ke nan. Ranar Litinin ta farkon kowane wata sai a auna duk wanda aka yanke wa hukuncin kisa, a ɗura yashi a buhu daidai nauyinsa, a rubuta sunansa a jikin buhun, a kai ɗakin rataya a gwada igiya da shi, don kada ranar aiki ta zo a ji kunya. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana yi wa Baba Gagara haka. Takardar rataye shi tana jiran sa hannun shugaban ƙasa, shugabanni shida kuwa sun hau sun sauka babu wanda ya sa. Wani ya ce sai ya yi nazari, wani aka ture shi kafin ya buɗe fayil ɗin, wani likita ne ya hana shi ɓacin rai. Haunin farko ya mutu. Na biyu ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan na ukun da baƙin gashinsa ya zo, yanzu furfura ta gama da shi, bai kuma taɓa rataye abin da ya wuce buhu ba. Wanda ya san duniya ya san irin wannan ba a banza take faruwa ba. Akwai maza, akwai kuma mazan maza.

"Malam Hauni, ba ka ji rediyo ba jiya?" in ji Baba Gagara yana sa riga. "An ce ƙasashen duniya sun taru sun soke sana'arka, mu ma mun sa hannu."

"Ba rediyo ce ta ɗauke ni aiki ba, Baba. In takarda ta zo mini, sai in daina."

Ya ɗora buhun a baro ya tura. Can an jima, daga ɗakinsa, Baba Gagara ya ji ƙarar ƙofar ƙasa ta buɗe, sai dim, ginin ya ɗan girgiza, ƙura ta zubo daga rufi. Ya sa bakinsa a tagar ƙofa ya sanar da sauran 'yan jiran igiya su goma sha uku cewa yau an rataye shi sau ɗari uku da saba'in da biyu, ko tari bai yi ba. Na ɗakin kusa da shi ya ce sun ji, tun bara suke ji.

Abin da ya kawo shi gidan ba ɓoyayye ba ne. Dako yake yi a tashar manyan motoci, aka yi gardama a kan layin wa zai yi lodi, ya ɗauki ƙarfen cire taya ya buga wa wani ɗan dako ɗan'uwansa sau ɗaya, mutumin bai ƙara tashi ba. A duk labaran Baba Gagara wannan ne kaɗai ba ya ƙara wa gishiri.

Wajen ƙarfe goma aka zo aka ce shugaban gidan yari yana kiransa. Da suka ratsa tsakar gida ya ga ana kafa rumfa, ana jera kujerun roba, wani yana ta cewa ɗaya, biyu, a lasifika. Gandiroban da ke rakiyarsa ya ce da ƙarfe uku manyan baƙi za su zo da 'yan jarida, za a yanka igiya a gabansu.

A ofis ya tarar da Shugaba yana share gumi alhali fanka na juyawa, da Hauni a tsaye a bakin ƙofa, da wata matashiyar lauya mai tabarau wadda aka aiko daga hedikwata da jerin sunaye. Ta gaishe shi da ladabi. Ta yi masa bayani cewa yarjejeniyar ba ta sakin kowa, kisa kawai ta hana, don haka duk 'yan jiran igiya an mayar musu da hukuncinsu ɗaurin rai da rai. Sunaye goma sha uku ne a takardarta. Ta ƙirga ɗakuna ta ga goma sha huɗu, shi ne ta sa aka tono fayil ɗinsa.

Shugaba ya juyo masa da fayil ɗin, kamar zai iya karantawa. Baba Gagara bai taɓa shiga aji ba, amma ya san jan hatimi in ya gan shi.

"Baba," in ji Lauya, "a takarda, an rataye ka shekara goma sha tara da suka wuce."

Baba Gagara ya dubi Shugaba, ya dubi Hauni, ya dubi fanka.

"Ni? Wa ya rataye ni?"

Aka ce hauni na biyu.

"Wannan da ko akuya ya ɗaure sai ta kwance?"

Hauni ya yi gyaran murya ya warware musu yadda aka yi, domin littafin ɗakin rataya a hannunsa yake. Takardar gwajin buhu fara ce, ta aikin gaske rawaya. A shekarar nan farar ta ƙare wata guda, shi kuwa hauni na biyu mutum ne da ba ya barin aiki babu rubutu, sai ya zari rawaya. A watan nan buhun Baba Gagara kaɗai aka gwada, domin baro ya karye bayan na farko. Ya rubuta suna, ya rubuta nauyi, ya rubuta lokaci. A wurin bayani ya rubuta: ya faɗa daidai, bai yi motsi ba, igiya lafiya. Likitan gidan ya sa hannu a cikin tarin takardun da yake sa wa hannu kowace Juma'a. Hedikwata ta buga hatimi ta rufe fayil.

Lauya ta tambaya to yaya aka yi ake ciyar da shi duk shekarun nan. Shugaba ya ce ɗakin girki kawuna yake ƙirgawa, ba takardu ba.

Ran Baba Gagara ya ɓaci ƙwarai. Ba mutuwar ce ta dame shi ba, rainin ne. A ce mutumin da ya ga bayan shugabanni shida da hauni biyu, wai tun shekara goma sha tara ya faɗa daidai bai yi motsi ba. Ya ce a goge. Shugaba ya ce hatimin hedikwata ba ya goguwa.

Lauya ta ce akwai hanya. Za ta shigar da ƙara a kotu a tabbatar yana da rai. Ana buƙatar shaidu biyu da suka san shi kafin rasuwarsa, da takardar likita, da amsar hedikwata, abin zai ɗauki shekara uku ko huɗu in an yi sa'a. In ya ci shari'a, sai a ba shi ɗaurin rai da rai kamar kowa. Amma yau ɗin nan, da ƙarfe uku, za ta tsayar da shi a gaban baƙi da kyamarori, ta ba shi lasifika, duniya ta ji daga bakin mutumin da gwamnati ta kashe yana nan yana cin abinci. Ta ce sunansa zai kai ƙasashen da bai taɓa jin labarinsu ba.

Baba Gagara ya gyara zama. Shekara talatin da ɗaya yana ba mutum goma sha uku labari ta tagar ƙofa, rabinsu ma barci suke yi.

Shugaba kuwa gumi ya ƙaru masa, domin saura masa wata bakwai ya ajiye aiki. A nan ne Hauni, wanda ba a tambaye shi ba, ya matso ya ɗora yatsa a ƙasan takardar rawaya. Akwai layi ɗaya da ba a cike ba: wanda ya karɓi gawa. Ya ce shi dai ƙa'idar ɗakinsa ya haddace, kuma ta ce gawa ta dangi ce, duk ranar da suka zo nema dole a ba su, gidan yari ba shi da ikon riƙe ta. Ba a kuma sa wa'adi ba.

Lauya ta cire tabarau ta ce wannan ai hauka ne. Shugaba ya tambaye ta a hankali ko ya saɓa wa yarjejeniyar ƙasashen duniya. Ta buɗe jakarta, ta duba shafi biyu, ta rufe. Ta ce yarjejeniyar ba ta ce komai ba a kan waɗanda aka riga aka kashe.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba Gagara, "ba za a haɗa biyun ba? In yi jawabi da ƙarfe uku, in mutu da ƙarfe huɗu."

"Gawa ba ta jawabi, Baba," in ji Shugaba. "Ɗaya za ka zaɓa."

Aka ce masa 'yarsa tana ɗakin baƙi tun da safe. Ita kaɗai ce gare shi, tana da shekara biyu aka kama shi, yanzu tela ce mai 'ya'ya uku. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ta ji rediyo ita ma, ta ɗauka sakinsa za a yi, ta rufe shago ta zo da jaka.

Ɗakin baƙi kanta ce ta siminti mai tsawo zuwa ƙirji, da wayar ƙarfe daga nan har rufi. Ya tsaya ta nasa ɓangaren ya kwashe labari duka ya faɗa mata, har da ƙarin cewa lauyar ta kusa durƙusawa tana roƙonsa. Ya yi zaton za ta yi mamaki. Ba ta yi ba.

Ta ce sun sani. Tana da shekara goma sha huɗu hedikwata ta aika wa matar mutumin da ya kashe wasiƙa cewa an zartar da hukunci. Labari ya cika unguwa. Mahaifiyar Uwata ta taho da gudu babu takalmi, ta tarar da shi a wannan kantar yana ƙorafin an rage masa miya. Ta koma gida ba ta faɗa wa kowa ba. Domin tun ranar da wasiƙar ta zo matar nan ta daina zama a ƙofar gida tana kallon hanyar tasha, ta koma kasuwa, ta fara amsa gaisuwa. Sai suka bar ta a haka, suka tashi daga unguwar. Har mahaifiyarta ta rasu ba ta yarda a faɗa masa ba, don ta san bakinsa.

"Matar nan tana nan da rai, Baba. 'Ya'yanta ma suna nan, ɗaya direba ne, yana shiga ko'ina. In na sa hannu na ɗauke ka, akwai ɗaki a bayan shagona, akwai tsakar gida, akwai jikokinka. Amma babu labari. Ba ga maƙwabci ba, ba ga mai aski ba, ba ga kowa ba."

"Uwata, ko na buhun?"

"Musamman na buhun."

Ya ce mata ba ta san abin da take nema ba. Ya ce yau za a ba shi lasifika. Ya ce akwai ƙasashen da ke jiran jin sunansa. Ta bar shi ya gama, sannan ta buɗe jaka ta fito da riga da wando da ta ɗinka da kanta, ta ɗaga masa ya gani ta cikin waya. Ta ce rigar ba ta ba ta wahala ba, ta san faɗin kafaɗarsa. Sai ta fito da takalma ƙafa biyu, ɗaya babba ɗaya madaidaici.

"Biyu na saya. Ban taɓa ganin ƙafarka ba, kantar nan ta tare."

Baba Gagara ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa a cikin silifas ɗin gidan yari. Ƙafafu ne na namiji, masu faɗi, waɗanda suka ɗauki buhu biyu a tashi ɗaya a zamaninsu. Ya daɗe yana kallonsu. A waje mai lasifika yana ta ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.

Ya ce babban ne zai yi.

Da aka faɗa wa Lauya, ta dube shi ta dubi 'yarsa da aka shigo da ita ofis. Ta ce ita za ta je ta duba ko kujerun baƙi sun isa, kuma aikin zai ɗauke ta lokaci mai tsawo. Uwata ta sa hannu a layin ƙasa. Akwai wurin da aka ce a bayyana yanayin gawa, Shugaba ya tauna bayan biro, ya rubuta: babu laifi.

Sai dai gawa ba ta fita ta ƙofar gaba, ba ta kuma fita da ƙafarta. Ƙa'ida ta ce ta ƙofar baya, a kwance, a lulluɓe, mutum huɗu na ɗauke da ita. Baba Gagara ya yi gardama a kan wannan fiye da yadda ya yi a kan mutuwar, amma Hauni ya ce shi bai taɓa karya ƙa'ida ba, ba zai fara a ranarsa ta ƙarshe ba. Aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya da farin zanen gado daga asibitin gidan. Ya sa sabbin kayansa ya kwanta. Hauni ya kama gefe ɗaya, gandirobobi uku suka kama sauran. Wani ya yi nishi, daga ƙarƙashin zane aka ce masa kilo sittin da huɗu ne kacal, ya ji kunya.

Hanyar ƙofar baya ta bi ta bayan rumfar taro, katanga ce kawai a tsakani. Lokacin an riga an fara. Baba Gagara yana jin komai. Babban baƙo ya yi magana a kan darajar ran ɗan Adam, ya ce daga yau ƙasar nan ta shiga sahun ƙasashen da suka waye. Aka kawo masa igiya da almakashi mai ado. Aka ji shiru, aka ji nishi, aka ƙara jin shiru. Hauni ya ce ƙasa-ƙasa, ai ya faɗa musu wannan igiyar sai zarto, shekara da shekaru yana shafa mata mai.

Yayin da ake neman zarto, babban baƙo ya ce a yi amfani da lokacin a tuna da mutum na ƙarshe da aka rataye a wannan gida, shekara goma sha tara da suka wuce. Ya karanto sunan Baba Gagara na yanka, da na mahaifinsa, ya ce kowa ya tashi a yi shiru na minti ɗaya. Aka ji kujerun roba suna motsi. Masu ɗauke da gadon ma suka tsaya cak, don girmamawa. Zane ya fara ɗagowa daga wajen kai. Uwata ta ɗora tafin hannunta a goshinsa ta mayar da shi, ba ta kuma ɗauke hannun ba har minti ya cika.

A ƙofar baya mai gadi ya karɓi takardar rawaya, ya ɗaga zane, ya gwada fuskar da hoton da ke fayil, hoton saurayi mai cikar gashi da wuya kamar turmi. Ya ce ba su yi kama ba. Hauni ya ce gawa takan canza, balle ta shekara goma sha tara. Mai gadi ya ƙara dubawa, gawa ma tana dubansa. Ya buga hatimi, ya yi wa Uwata ta'aziyya, ya buɗe ƙofa.

Suka sauke shi a bakin kwalbati, kusa da wurin zuba shara. Ya tashi zaune, ya ninke zanen ya miƙa wa Hauni, domin na gwamnati ne. Hauni ya riƙe hannunsa ya ce ya yafe masa. Baba Gagara ya ce babu abin yafewa, ai ko sau ɗaya bai ji zafi ba, sannan ya tambaye shi me zai yi yanzu. Hauni ya ce bai sani ba tukuna, takarda ba ta zo masa ba.

Titi ya fi yadda ya bar shi faɗi da hayaniya, kowa yana tafiya yana magana shi kaɗai da wani abu a kunne. Bai nuna ya ji tsoro ba. Ya dai riƙe gefen mayafin Uwata har suka tsallaka, don kada ta ɓace masa, yarinya ce.

Suka shiga bas, suka samu kujerar baya. A gefensa wani dattijo ne mai jakar magunguna a cinya, irin mutanen nan da ba sa iya zama da bakinsu. Kafin a kai tasha ta biyu ya riga ya ɗaga riga ya nuna masa tabon ɗinki a ciki. Ya ce sau biyu aka yi masa aiki, likitoci suka ce ba zai kwana ba, har an fara kiran dangi, ga shi nan yau shi kaɗai ya zo karɓar magani. Ya ce mutuwa ta san shi, shi ma ya san ta, ta gan shi ta canza hanya. Fasinjojin gaba suka juyo suna jinjina masa. Wata mata ta ce kai Baba, kai ɗin na daban ne.

Dattijon ya sauke riga, ya taɓa gwiwar Baba Gagara.

"Kai fa, ɗan'uwa? Ka taɓa shiga irin wannan?"

Baba Gagara ya buɗe baki. Ɗari uku da saba'in da biyu suna nan a kan harshensa, da shugabanni shida, da hauni uku, da minti ɗayan da manyan ƙasa suka tsaya masa ɗazu-ɗazun nan, ga kuma bas cike da kunnuwa sababbi fil. Uwata tana kallon taga, ba ta ko juyo ba.

"Ina fa," in ji shi. "Sau biyu ka ce? Ba ni labarin na biyun."